Ninki Biyu: Inda Newton da Einstein Suka Rabu a Kan Karkatar Hasken Taurari

Labarin da ya fi yawo a azuzuwa da littattafan share fage shi ne wai Isaac Newton ya ɗauka haske a miƙe yake tafiya, babu abin da ke kautar da shi, sai Albert Einstein ya zo ya ce rana na iya lanƙwasa shi, aka je aka duba a husufin rana na 1919, aka tarar Einstein ke da gaskiya. Labarin na da daɗin faɗa, amma ya tsallake wurin da gardamar take. Kimiyyar Newton ita ma tana ba da karkatar haske. An yi lissafinta fiye da shekara ɗari kafin Einstein, kuma adadin da shi kansa Einstein ya fara samu kusan daidai yake da na mutanen farko. Inda aka rabu shi ne a kan yawan karkatar. Tsohon lissafi ya ce hasken tauraron da ya gifta ta gefen rana zai kauce da sakan 0.87 na kusurwa, gamammiyar nazariyyar dangantaka ta Einstein kuwa ta ce 1.75. Ninki biyu cif. Hujjata a wannan maƙala ita ce wannan ninki shi ne jigon maganar, domin kowane rabi da tushensa daban, kuma duk wanda bai san daga ina rabi na biyu ya fito ba, bai gane abin da Einstein ya ƙara wa ilimi ba.

Sai a fara sanin girman abin da ake magana a kai. Da'ira digiri 360 ce, kowane digiri an kasa shi gida 3,600, kowane gida shi ne sakan ɗaya na kusurwa. Faifan rana a idonmu ya ɗan haura rabin digiri, wato kimanin sakan 1,900. Ke nan karkatar da Einstein ya faɗa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na faɗin ranar ba, kuma wannan ma ga hasken da ya shafi bakin rana ne. Wanda ya wuce ta nisan da ya ninka wancan daga tsakiyar rana, rabin haka zai karkata. Ga mai kallo daga ƙasa, tauraron zai bayyana kamar ya ɗan matsa gefe, ya nisanci rana.

Newton da kansa ya jefa tambayar a ƙarshen littafinsa na ilimin haske, Opticks, wanda ya fito a 1704: ko abubuwa masu nauyi suna iya taɓa haske daga nesa su lanƙwasa shi? Bai amsa ba, amma kimiyyarsa tana ɗauke da amsa. A ganinsa haske ƙananan ƙwayoyi ne masu gudu. Tun zamanin Galileo kuwa an san cewa yadda abu ke faɗuwa bai dogara da nauyinsa ba. In babu iska mai tarewa, dutse da gashin kaza tare suke isa ƙasa. Saboda haka ba sai an san nauyin ƙwayar haske ba kafin a san hanyarta. Saurinta kawai ake buƙata, da nauyin rana, da kusancin da za ta yi. John Michell ya yi amfani da irin wannan tunani a 1783, har ya kai ga cewa za a iya samun tauraron da ƙarfin jansa zai hana haskensa kuɓuta. Henry Cavendish ya lissafa karkatar a takardunsa, bai wallafa ba. Wanda ya wallafa shi ne Bajamushen nan Johann Georg von Soldner, wanda ya rubuta aikinsa a 1801, ya sami sakan 0.84.

Lissafin ba shi da wuya, mai karatu na iya binsa da fensir. A ninka nauyin rana da ma'aunin ƙarfin ja na Newton, a ninka sau biyu, a raba da saurin haske da aka ninka da kansa. Abin da zai fito tsawo ne, kimanin kilomita 2.95. A raba wannan da rabin faɗin rana, kilomita 696,000, a sami kashi huɗu da ɗan ɗoriya cikin miliyan. In an juya shi zuwa ma'aunin kusurwa, shi ne sakan 0.87.

Sai dai adalci ya sa a faɗi raunin wannan lissafi. Yana tsaye ne a kan cewa haske ƙwayoyi ne, ƙarni na sha tara kuwa ya rushe wannan ra'ayi. Thomas Young da Augustin Fresnel sun nuna haske na tafiya ne a matsayin igiyoyi, James Clerk Maxwell ya zo ya bayyana cewa igiyoyin lantarki da maganaɗisu ne. Dokar Newton ta ƙarfin ja ba ta ce komai a kan igiya ba. Ban da haka, a lissafin Soldner hasken yana ƙara gudu in ya doshi rana, yana ragewa in ya wuce, kamar kowane abu mai faɗuwa. Don haka tsohuwar kimiyya baki biyu gare ta a wannan batu: in haske igiya ce, mai yiwuwa babu karkata ko kaɗan, in ƙwaya ce, akwai 0.87. Aikin Soldner ya kwanta, aka manta da shi.

Einstein ya shigo ta wata ƙofa dabam. A 1907 ya lura cewa mutumin da ke cikin rufaffen ɗaki ba zai iya bambanta tsakanin abu biyu ba: ɗakin yana zaune a doron ƙasa ƙarfin ja na danne shi, ko kuwa ɗakin yana can sararin samaniya ana fizgarsa sama da gudu mai ƙaruwa. In a ɗakin da ake fizga haske ya shigo ta taga, kafin ya isa bangon da ke fuskantarta ɗakin ya riga ya ƙara hawa, sai hasken ya sauka ƙasa kaɗan da inda ya nufa. Na ciki zai ga ya lanƙwasa. In kuwa ɗakunan biyu ba su da bambanci, dole ƙarfin ja ma ya lanƙwasa haske. Daga wannan ƙa'ida ya fitar da wani sakamako mafi zurfi, cewa agogon da ke kusa da abu mai nauyi ya fi na nesa jinkiri. Wannan jinkirin ya isa ya karkata haske ko da igiya ce. Duk wanda ya taɓa tura amalanke ya san in taya ɗaya ta faɗa rairayi ɗaya tana kan ƙasa mai tauri, amalanken juyawa yake yi zuwa wajen rairayin. Haka gaban igiyar haske: ɓangaren da ya fi kusa da rana, a ma'aunin mai kallo daga nesa, yana ja baya kaɗan, sai dukan igiyar ta juyo wajen rana. A 1911, yana birnin Firag, ya wallafa adadinsa: sakan 0.83. Bai san da Soldner ba, hanyarsa kuma daban ce, amma wuri ɗaya suka sauka.

A nan tarihi ya yi masa rana. An shirya auna wannan adadi a husufin 1912 a Barazil, ruwan sama ya hana. A watan Agusta na 1914 Erwin Freundlich ya tafi Kirimiya da kayan aikinsa daga Jamus, Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Rashawa suka tsare shi. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya yi nasara, da an sami ninkin abin da Einstein ya faɗa, da kuma gyaran da ya yi daga baya ya zo wa mutane a matsayin kame-kamen wanda aka kama da kuskure.

Gyaran ya zo a watan Nuwamba na 1915, lokacin da yake kammala gamammiyar nazariyyar a Barlin. Ya gane cewa a 1911 rabin aikin ya yi: ya lissafa abin da nauyi ke yi wa lokaci, ya bar sarari a shimfiɗe yadda Euclid ya koyar. A cikakkiyar nazariyyar, nauyi na taɓa sarari ma. Ma'anar wannan ba ta buƙatar wani zurfin hasashe, maganar awo ce. In aka auna kewayen wani dunƙulen abu mai nauyi, aka lissafa nisan tsakiyarsa da dokar da'ira da kowa ya koya a makaranta, sannan aka iya zura igiyar awo har tsakiyar, za a tarar igiyar ta fi lissafin tsawo. A duniyarmu rarar milimita ɗaya zuwa biyu ce kawai. A kewayen rana ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma hasken da ya ratsa wurin yana da ƙarin tafiya a ɓangaren da ya fi kusa. Wannan ƙarin tafiya yana juya shi daidai gwargwadon yadda jinkirin lokaci ya juya shi. 0.87 daga lokaci, 0.87 daga sarari.

Tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi ita ce: in lanƙwasar sarari na da wannan tasiri, yaya aka yi Newton ya shafe shekara ɗari biyu yana faɗin hanyoyin duniyoyi daidai ba tare da ita ba? Amsar tana cikin gudu. A nazariyyar Einstein, karkatar da abu mai wucewa ta gefen rana zai yi ita ce ta Newton, a ƙara mata wani kaso, kason kuwa shi ne saurin abin in an gwada shi da saurin haske, a ninka da kansa. Duniyarmu na kewaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, haske na yin kusan 300,000. Kashi ɗaya cikin dubu goma ke nan, in an ninka da kansa ya koma ɗaya cikin miliyan ɗari. Abu mai tafiyar hawainiya irin wannan, a cikin daƙiƙa guda ya ratsa lokaci mai yawa amma sarari kaɗan, don haka jinkirin lokaci kaɗai yake ji. Abin da Newton ya kira ƙarfin ja, a harshen Einstein, kusan dukansa wannan jinkirin ne. Haske kuwa yana cin sarari daidai da yadda yake cin lokaci, kason ya zama ɗaya cur, ƙarin ya yi daidai da asalin. Ga ninki biyun. Shi ya sa haske ya fi kowace duniya dacewa da wannan gwaji. Mekuri, wadda ta fi sauran duniyoyi kusa da rana da gudu, ta ɗan nuna alama: hanyarta na juyawa da rarar sakan 43 a kowace shekara ɗari wadda lissafin Newton ya kasa bayyanawa, Einstein kuma ya bayyana ta a wannan watan na Nuwamba.

Mai musu zai iya cewa rabi na biyun ba wani sabon abu ba ne, duk nazariyyar da ta amince da ƙa'idar rufaffen ɗaki dole ta kai ga 1.75. Tarihi ya riga ya ba da amsa. A 1913 Gunnar Nordström, ɗan ƙasar Finlan, ya gina nazariyyar ƙarfin ja wadda ta dace da dangantaka, ta kuma mutunta waccan ƙa'ida, har Einstein ya ɗauke ta da muhimmanci. A cikinta sarari na lanƙwasa ta ɗaya gefen, ya cinye abin da lokaci ya bayar, sakamakon ya zama sifiri: haske ya wuce rana a miƙe. Ke nan rabi na farko kowa na iya samunsa, rabi na biyu kuwa shi ke bambanta nazariyya da nazariyya, kuma sararin samaniya kaɗai ke iya raba gardamar.

Matsalar awon ita ce ba a ganin taurari kusa da rana sai wata ya rufe ta ruf. Waɗanda suka shaida husufin 29 ga Maris 2006 a arewacin Najeriya da kudancin Nijar sun san yadda gari ke yin duhu da hantsi har Zara ta bayyana. Irin waɗannan 'yan mintoci ake nema. Frank Dyson, babban masanin taurari na masarautar Ingila, ya lura cewa a husufin 29 ga Mayu 1919 rana za ta kasance a gaban tarin taurarin Hyades, maƙwabtan Kaza da 'Ya'yanta, wuri mai taurari masu haske da yawa. Aka tura ayari biyu. Andrew Crommelin da Charles Davidson suka tafi Sobral a arewa maso gabashin Barazil. Arthur Eddington da Edwin Cottingham suka zo tsibirin Firinsipe a Mashigin Tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya, suka kafa na'urarsu a wata gonar koko mai suna Sundy.

Dabarar ita ce a ɗauki hoton taurarin a lokacin husufi a kan farantan gilashi, a gwada da hoton taurarin nan da aka ɗauka da dare a wani watan da rana ba ta wurin. A farantan manyan na'urorinsu, sakan ɗaya na kusurwa kashi ɗaya ne cikin sittin na milimita, kuma yawancin taurarin matsawarsu ba ta kai sakan ɗaya ba. Zafi kaɗan ya taɓa madubi ko ya miƙe ƙarfen na'ura, sai dukan hoton ya buɗe ko ya tsuke da fiye da abin da ake nema. A Firinsipe an wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gajimare bai soma yayewa ba sai dab da ƙarshen husufin, wanda ya ɗauki kimanin minti 5. Cikin faranti 16 da Eddington ya ɗauka, biyu kaɗai suka yi amfani, suka ba da 1.61, da yiwuwar kuskure na 0.30. A Sobral ƙaramar na'ura mai inci huɗu ta ba da hotuna bakwai masu kyau da adadin 1.98, da kuskuren 0.12. Babbar na'urar kuwa hotunanta sun fito dishi-dishi, ta ba da 0.93, kusa da adadin Newton. Aka ajiye wannan gefe, aka sanar da nasarar Einstein a taron haɗin gwiwa na manyan ƙungiyoyin kimiyya biyu a Landan ranar 6 ga Nuwamba 1919.

Wannan ajiyewar ta jawo zargi. A 1980 masana falsafar kimiyya John Earman da Clark Glymour sun nuna shakku, daga nan kuma magana ta bazu cewa Eddington, wanda yake son nazariyyar kuma yake son sulhu da Jamusawa bayan yaƙi, ya zubar da abin da bai yi masa daɗi ba. Ban yarda da wannan zargi ba, kuma dalilaina uku ne masu nauyi daban-daban. Mafi ƙarfi shi ne an rubuta lalacewar hotunan tun a Sobral, kafin kowa ya auna su ya san me za su ce. Sannan, kamar yadda masanin tarihin kimiyya Daniel Kennefick ya nuna, farantan Sobral a hannun Dyson da mutanensa na cibiyar duba taurari ta Greenwich suke, Dyson kuwa ba ya cikin masu ɗokin nazariyyar. Ƙari a kan haka, da aka sake auna farantan nan da na'urorin zamani, sakamakon da aka wallafa a 1979 ya ba babbar na'urar 1.55, da kuskuren 0.34. Abin da ya kamata a amince da shi shi ne awon 1919 ba mai kaifi ba ne. Ya isa ya kore sifiri, ya kuma rinjayar da sikeli daga 0.87 zuwa 1.75, amma bai isa ya tabbatar da adadin ƙwaƙƙwaran tabbaci ba. Jaridu sun yi shelar da ta fi ƙarfin farantan. Hukuncin masanan kuwa ya tsaya a kan ƙafafunsa.

Rashin kula da ninki biyun ya haifar da wani kuskuren mafi muni. A 1921 Philipp Lenard, wanda ƙiyayyarsa ga Einstein ta haɗu da ƙyamar Yahudawa, ya sake buga aikin Soldner don ya nuna wai Bajamushe ya riga shi. Soldner ya cancanci yabo a kan abin da ya yi, amma abin da ya samu rabi ne, kuma shi ne rabin da farantan suka ƙi.

Tabbacin ya zo a hankali. Ayarin cibiyar Lick ta Amurka ya sami 1.72 a husufin 1922 a Ostireliya. Babban ci gaba ya zo da na'urorin rediyo, waɗanda ba sa jiran husufi: akwai wata cibiyar galaksi mai nisa da tsananin haske, 3C 279, da rana ke giftawa ta gabanta kowane watan Oktoba, ana auna matsawarta kai tsaye. Masana sun ba rabi na biyun suna, gamma: sifiri ne in sarari a shimfiɗe yake, ɗaya ne a wurin Einstein. Lanƙwasar da ke karkata haske ita ce kuma ke jinkirta shi, kamar yadda Irwin Shapiro ya nuna a 1964. Da aka auna saƙon rediyo na kumbon Cassini yana wucewa ta bayan rana a 2002, gamma ya fito ɗaya, da kuskuren da bai wuce kashi biyu da ɗoriya cikin dubu ɗari ba. Kumbon Gaia na Turai, wanda ya yi aikin zana taswirar taurari har zuwa 2025, dole aka cire karkatar rana daga kowane awonsa, domin ko tauraron da ke digiri 90 daga rana yana matsawa da kimanin kashi huɗu cikin dubu na sakan.

Yau abin da aka sha wuya wajen gwadawa ya koma sikeli. Einstein ya rubuta a 1936 cewa tauraro na iya zama gilashin ƙara girma ga na bayansa, amma bai sa ran a gani ba. Fritz Zwicky ya ce a 1937 galaksi za ta fi yin aikin. A 1979 Dennis Walsh da Robert Carswell da Ray Weymann suka gano cewa wasu fitilu biyu masu kama da juna a sama hoton abu ɗaya ne, wata galaksi a tsakani ta raba haskensa gida biyu. Da irin wannan karkata ake auna nauyin tarin galaksi, ana kuma samun nauyin da ya zarce na abin da ido ke gani nesa ba kusa ba. Kowane irin awon nan yana ɗauke da ninki biyun a cikinsa. Wanda ya yi aiki da adadin Soldner zai ba kowace galaksi ninkin nauyinta. A 2017 ayarin Kailash Sahu ya yi amfani da na'urar Hubble ya auna yadda wata gawar tauraro, Stein 2051 B, ta kautar da hasken wani tauraro da ta gifta ta gabansa. Nauyinta ya fito kimanin kashi 68 cikin ɗari na nauyin rana, daidai da abin da nazariyyar irin waɗannan taurari ta yi hasashe daga girmanta.